NAZARI: Kim Eun-jung da tsadar buɗe baki a wasannin Koriya ta Kudu

Tikitin wakiltar Koriya ta Kudu a ɓangaren mata na wasan kalin, a gasar Olamfik ta hunturu ta 2026 a Milan da Cortina da ke Italiya, bai faɗa hannun Kim Eun-jung ba. A gasar tantancewa da aka yi cikin watan Yunin 2025, ƙungiyar lardin Gyeonggi da Gim Eun-ji ke jagoranta ce ta sake yin nasara, karo na uku a jere. Ga mai bin sakamako kaɗai, wannan ba abin tsayawa dogon bayani ba ne. A wasa dole wani ya ci, wani ya faɗi.

Sai dai wannan mata, wadda aka haifa a 1990, ba duwatsun da ta tura kaɗai suka sa ta a tarihin ƙasarta ba. Kimanin wata tara bayan ta ci wa Koriya ta Kudu lambar azurfa a 2018, ita da abokan wasanta huɗu suka rubuta takardar koke a kan mutanen da suka raine su a wasan. Abin da ya biyo bayan wannan takarda ya fi lambar kanta bayyana yadda ake tafiyar da wasanni a ƙasar, kuma ya shafi duk wanda ya damu da yadda mutum ɗaya ke mayar da hukumar jama'a gadon gidansa.

Sai an fahimci wasan kafin a fahimci rikicin. Kalin wasa ne na tura dutse a kan ƙanƙara, wanda ya samo asali daga Sikotilan tun ƙarni na 16, mata kuma suka fara cin lambobinsa a Olamfik a birnin Nagano na Japan a 1998. Filin doguwar shimfiɗar ƙanƙara ce mai kimanin mita 45, da da'irori a ƙarshenta. Kowace ƙungiya tana da mutum huɗu, kowa zai tura dutse biyu a zagaye guda, ana kuma yin zagaye goma. Nauyin dutsen ya kusa kilo 20. Ƙungiyar da dutsenta ya fi kusa da tsakiyar da'ira ita ke da makin zagayen. Yayin da dutse ke tafiya, mutum biyu suna binsa da buroshi suna goge ƙanƙarar gabansa domin ya ƙara nisa ko ya rage karkata. Jagora tana tsaye can ƙarshen fili tana karanta ƙanƙara, tana ba da umarni, kuma galibi ita ke tura duwatsu biyu na ƙarshe, waɗanda nasara ko faɗuwa ke rataye a kansu. Ya fi kama da dara fiye da tsere.

Abu biyu a cikin wannan bayani su ne ginshiƙin labarin. Na farko, ba a haɗa ƙungiyar kalin dare ɗaya. Mutum huɗun nan sai sun shekara da shekaru tare kafin ɗaya ta gane nufin ɗaya daga sautin murya. Na biyu, ba kowace ƙanƙara ake wasan a kanta ba. Sai fili na musamman, mai tsadar ginawa da tsadar kulawa. Ɗan ƙwallon ƙafa in ya ɓata da mai horar da shi, filin makarantar unguwa ma ya ishe shi atisaye. 'Yar wasan kalin ba ta da wannan zaɓi. Wanda ke riƙe da makullin fili shi ke riƙe da sana'arta.

Daga garin tafarnuwa

Uiseong gunduma ce ta karkara a lardin Gyeongsang ta Arewa, mai mutane kimanin 50,000, galibinsu tsofaffi, wadda aka fi sani da noman tafarnuwa. A 2006 aka buɗe filin kalin a can, na farko a duk faɗin ƙasar da aka gina musamman domin wasan. Wanda ya tsaya tsayin daka har aka gina shi shi ne Kim Kyung-doo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban hukumar kalin ta ƙasa. Wannan hidima tasa gaskiya ce, kuma babu abin da ya faru daga baya da ya goge ta.

Kim Eun-jung da ƙawarta Kim Yeong-mi suna makarantar sakandaren 'yan mata ta garin lokacin da suka fara zuwa filin bayan an tashi daga aji. Ƙanwar Yeong-mi, wato Kim Kyeong-ae, ta biyo sahu, ta jawo ƙawarta Kim Seon-yeong. Daga baya Kim Cho-hi ta zama ta biyar. Dukkansu Kim ne, sunan dangi da ya fi kowane yawa a Koriya, abin da ya sa baƙi ke zaton 'yan gida ɗaya ne, alhali biyu ne kawai ciki ɗaya. Suka nemi wakiltar ƙasa a Olamfik ta Sochi a 2014, ba su samu ba. Sai a 2018, da gasar ta zo gida, a PyeongChang.

Ba wanda ya sa su a lissafi. Hukumar kalin ta ƙasar ma a lokacin ba ta da zaɓaɓɓen shugaba, domin rikicin zaɓe ya sa kwamitin wasanni da Olamfik na ƙasa ya karɓe ragamarta tun 2017. Amma a wasansu na farko suka doke Kanada, wadda Rachel Homan, mai riƙe da kambin duniya, ke jagoranta. Cikin wasa tara na zagayen farko suka ci takwas, Japan kaɗai ta kayar da su. A wasan kusa da na ƙarshe suka sake haɗuwa da Japan ɗin ƙarƙashin Satsuki Fujisawa, aka tashi kunnen doki bayan zagaye goma, aka ƙara ɗaya, Kim Eun-jung ta ajiye dutsen ƙarshe inda ya kamata, aka tashi 8 da 7. Ranar 25 ga Fabrairu Siwidin ta Anna Hasselborg ta doke su 8 da 3 a wasan ƙarshe. Azurfa suka samu, amma ita ce lambar kalin ta farko da Koriya ta Kudu ta taɓa ci a Olamfik, kuma su ne ƙungiyar Asiya ta farko da ta kai wasan ƙarshe.

Ƙasar ta ɗauka. Tabarau mai kauri da fuskar Kim Eun-jung da ba ta motsi suka cika kafafen sada zumunta. Ihun da take yi tana kiran sunan Yeong-mi ta goge ƙanƙara ya zama abin kwaikwayo a gidaje, mutane na ɗaukar bidiyon kansu da tsintsiya a tsakar ɗaki. Jaridun duniya suka yi musu laƙabi da 'yan matan tafarnuwa. Labari ne mai daɗin bayarwa: 'ya'yan ƙauye, da dattijon da ya yi musu hanya, da 'yarsa Kim Min-jung da ke tsaye a bayansu a matsayin mai horarwa.

Takardar Nuwamba

A farkon Nuwamban 2018 'yan wasan biyar suka aika wa kwamitin wasanni da Olamfik na ƙasa da hukumomin lardinsu takarda, sannan ranar 15 ga watan suka kira taron manema labarai a Seoul. Sun zargi Kim Kyung-doo da 'yarsa da mijinta Jang Ban-seok da zagi da cin mutunci, da riƙe kuɗin da suka ci a gasa ba tare da bayani ba, da iko da rayuwarsu har ya kai ana buɗe wasiƙu da kyaututtukan da masoya suka aiko musu. Sun ce ana tsara musu abin da za su faɗa wa 'yan jarida. Sun ce kafin Olamfik, da Kim Cho-hi ta ji rauni, an yi yunƙurin saka 'yar gidan a madadinta. Sun kuma ce tun da Kim Eun-jung ta yi aure a Yulin wannan shekara aka fara ƙoƙarin ture ta daga jagoranci, da hujjar aure da yiwuwar haihuwa.

Iyalin suka musanta da farko. Amma Peter Gallant, ɗan Kanada da ya horar da ƙungiyar kafin Olamfik, ya fito ya goyi bayan 'yan wasan. A Disamba Kim Kyung-doo ya nemi afuwa, ya ce shi da iyalinsa za su bar harkar wasan. A Fabrairun 2019 ma'aikatar al'adu da wasanni da yawon buɗe ido ta fitar da sakamakon bincikenta, ta tabbatar da mafi yawan zarge-zargen: zagi, da shiga sirrin 'yan wasa, da ɗaukar dangi aiki, da mayar da filin Uiseong tamkar mallakar gida, da kuɗin kyauta da na tallafi fiye da won miliyan 90, kimanin dala 80,000, da ba su kai hannun masu su ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai karatu zai iya tsayawa a nan ya ce ai halin mutum ɗaya ne. A ganina wannan fassara ta yi wa tsarin sauƙi da yawa.

Tun zamanin mulkin Park Chung-hee gwamnatin Koriya ta Kudu ta ɗauki wasanni a matsayin hanyar ɗaga darajar ƙasa. A 1962 aka yi dokar bunƙasa wasanni, a 1966 aka buɗe sansanin horo na Taereung. Aka gina tsarin da ke ɗauko yaro tun yana makaranta, a rage masa zaman aji, a sa shi hannun mai horarwa guda, a yi masa alkawarin gurbi a jami'a da fansho na wata-wata in ya ci lambar Olamfik. Tsarin ya yi aiki, in lambobi ne ma'auni. Amma ya haifar da 'yan wasan da ba su da wata sana'a sai wasan, ba su da kuma wata ƙofa sai ta mai horar da su.

A wasanni irin kalin, da ba su da 'yan kallon da za su biya albashi, gwamnatocin larduna da birane ne ke ɗaukar 'yan wasa aiki a kan kwantiragi, kusan kamar yadda gwamnatocin jihohi ke riƙe da Kano Pillars ko Katsina United. Shi ya sa sunayen ƙungiyoyin suke sunayen ofisoshi: lardin Gyeonggi, majalisar birnin Chuncheon, majalisar birnin Gangneung. A wancan lokaci Kim Eun-jung da abokanta ma'aikatan majalisar wasanni ta lardin Gyeongsang ta Arewa ne. To idan gida ɗaya ne ke kula da fili, shi ke horarwa, shi ke riƙe asusu, kuma yana da kujera a hukumar ƙasa, wurin wa 'yar wasa za ta kai ƙara? Duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa, ɗan gidan ne zai buɗe.

Akwai kuma matsalar wanda ya assasa abu. Mutumin da ya sha wahala ya gina wata hukuma tun babu kowa yakan kasa bambanta hidimar da ya yi da mallaka. Jama'a kuma sukan ji nauyin tambayarsa lissafi, domin in ba don shi ba da babu komai. Kuɗin jama'a aka sa a ginin filin Uiseong, amma ladan aka jingina wa mutum ɗaya, ladan kuma a hankali ya rikiɗe ya zama iko.

Ba kuma karon farko ba ne a wasan. A Maris na 2014, jim kaɗan bayan Sochi, 'yan wasan lardin Gyeonggi da suka wakilci ƙasar sun miƙa takardun ajiye aiki suna zargin wani mai horar da su da zagi da rashin ɗa'a. Gim Eun-ji, wadda ta karɓi tikitin 2026, tana cikin waccan ƙungiya. Ke nan manyan jagorori biyu na kalin na mata a ƙasar kowace ta ratsa ta irin wannan wuta.

Wanda ke da lamba da wanda ba shi da ita

Abin da ya fi damuna a labarin shi ne lokacin da kowa ya iya magana. Kim Eun-jung ta shafe fiye da shekara goma a wannan fili kafin ta rubuta takarda, kuma ta rubuta ne bayan fuskarta ta zama sananniya a kowane gida. A Janairun 2019 Shim Suk-hee, 'yar tseren kan ƙanƙara mai lambobin zinare na Olamfik, ta bayyana cewa mai horar da ita ya daɗe yana cin zarafinta ta hanyar lalata. Kotu ta ɗaure shi, hukuncin ya kai shekara 13 bayan ɗaukaka ƙara. Ita ma da zinare a hannu aka saurare ta.

Choi Suk-hyeon ba ta da lambar Olamfik. 'Yar shekara 22 ce, mai gasar haɗakar iyo da keke da gudu, ta yi wasa a ƙungiyar birnin Gyeongju, a lardi ɗaya da Uiseong. Ta kai ƙarar duka da cin zarafi ga 'yan sanda, da hukumar wasanta, da kwamitin Olamfik, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. Ba ta ga wani ya motsa da gaske ba. Ranar 26 ga Yunin 2020 ta kashe kanta.

Wata guda bai cika ba Kim Eun-jung da abokanta suka tsaya a majalisar dokokin ƙasa gaban 'yan jarida, suka ce tun bayan kokensu ba abin da ya canza a zahiri, kuma ba a hukunta waɗanda bincike ya kama ba. Bayan wannan mutuwa majalisa ta sake gyara dokar wasanni, cibiyar ɗa'ar wasanni kuma ta fara aiki a Agustan 2020. Sai a Nuwamban wannan shekara hukumar kalin ta kori Kim Kyung-doo da 'yarsa da surukinsa daga wasan har abada, shekara biyu cif bayan takardar. Ita kanta sabuwar cibiyar tun kafa ta ake sukarta da cewa bincike take yi ta nemi a yi hukunci, zartarwa kuma ta rage a hannun hukumomin wasannin da ake ƙorafi a kansu.

A waɗannan shekaru biyu 'yan wasan ne suka biya farashi. Tun a Agustan 2018 sun rasa matsayin ƙungiyar ƙasa ga matasan Chuncheon, bayan da, a cewarsu, aka so hana su shiga gasar tantancewa, suka shiga ba tare da isasshen atisaye ba. Kim Eun-jung ta haifi ɗa namiji a 2019, ta dawo fili. A Nuwamban 2020 suka sake lashe gasar ƙasa. Amma kwantiraginsu da lardinsu ya ƙare a ƙarshen shekarar ba a sabunta ba, ƙungiyar ƙasa ta zauna watanni ba ta da mai biyan albashi, sai a Maris na 2021 birnin Gangneung, inda suka ci azurfarsu, ya ɗauke su. Waɗanda suka sa duniya ta san Uiseong sai da suka bar lardinsu kafin su ci gaba da wasa.

Hanyar zuwa Beijing ba ta yi sauƙi ba. Suka zo na bakwai a gasar duniya ta 2021 a Calgary, wanda bai isa tikiti ba, sai da suka je Leeuwarden a Holan cikin Disamba suka doke Latviya a wasan gurbi na ƙarshe. A Beijing a 2022 suka ci wasa huɗu suka faɗi biyar, suka ƙare na takwas. Makonni kaɗan bayan haka, a gasar duniya a Prince George da ke Kanada, suka kai wasan ƙarshe, Suwizalan ta Silvana Tirinzoni, wadda ba a doke ta ko sau ɗaya a gasar ba, ta sha da ƙyar da 7 da 6. Babu wata ƙungiyar mata ta Koriya da ta taɓa kai wannan matsayi kafinsu. Wannan azurfa ta biyu ba ta yi amo kamar ta farko ba, amma ta amsa wata tambaya da aka daɗe ana raɗawa, cewa ko nasarar PyeongChang ta masu horarwa ce. Mace mai aure da ɗa, wadda aka so a ajiye gefe, ita ce ta jagorance su, ba tare da iyalin da aka ce ba za a iya komai sai da su ba.

Daga nan kuma sai tsarin tantancewa ya yi aikinsa. A Koriya ƙungiya guda ce ke lashe gasar ƙasa ta zama wakiliya na tsawon kaka ɗaya, komai matsayin sauran a duniya. A 2022 Chuncheon ta karɓa, daga 2023 zuwa 2025 kuma Gyeonggi, wadda ta ci tagulla a gasar duniya ta 2024 da zinare a gasar hunturu ta Asiya a Harbin a 2025. Babu rashin adalci a nan. Hasali ma, samun ƙungiyoyi uku masu iya karawa da kowa a duniya alama ce cewa wasan ya wuce hannun gida ɗaya da fili ɗaya.

Ko tsarin gaba ɗaya ya canza? Ranar 5 ga Agustan 2024, An Se-young ta ci zinaren badminton a Paris, ba ta ko huce ba ta fara sukar yadda hukumar wasanta ta yi sakaci da raunin gwiwarta. Ita ma sai da lambar ta shiga hannu ta yi magana, shekara shida bayan takardar Uiseong. Bambancin shi ne wannan karon guguwar ta kai sama. Lee Kee-heung, wanda a lokacin yake shugabancin kwamitin Olamfik tun 2016, wato ofishin da Kim Eun-jung ta aika wa kokenta kuma ofishin da Choi Suk-hyeon ta nemi agaji, ya nemi wa'adi na uku duk da ma'aikatar wasanni ta dakatar da shi. Ranar 14 ga Janairun 2025 Ryu Seung-min, wanda ya ci zinaren ƙwallon tebur a Atina a 2004, ya kayar da shi da ƙuri'a 417 da 379. Tazarar ƙuri'a 38 ke nan, abin da ke nuna yawan masu zaɓen da har yanzu suke ganin tsohon tsari bai yi laifi ba. Kuma canza shugaba a Seoul bai taɓa kwantiragin 'yar wasan da ke aiki ƙarƙashin wata majalisar birni ba, wadda sabunta shi ke hannun mai horar da ita.

Mai karatu a Najeriya ba zai ji labarin baƙo ba. A 2016 'yan Super Falcons sun ƙi barin otel ɗinsu a Abuja bayan sun ɗauko kofin Afirka a Kamaru, har suka yi tattaki zuwa majalisar dokoki a kan alawus ɗinsu. Su ma da kofi a hannu suka samu bakin magana. Akwai kuma alaƙa ta kai tsaye da ba kowa ya sani ba. A Janairun 2024, a gasar Olamfik ta hunturu ta matasa, ƙungiyar kalin ta Najeriya ta yi wasa a filin Gangneung, kan ƙanƙarar da Kim Eun-jung ta doke Japan, kuma su ne 'yan Afirka na farko da suka yi wasan a wannan gasa. A Legas suka yi shiri, a kan daɓe, domin babu filin ƙanƙarar kalin da za su yi atisaye a kai. Najeriya ta shiga hukumar kalin ta duniya a 2018, shekarar azurfa da takardar koke, kuma a yanzu tana kusa da inda Koriya take kafin 2006: wasa ƙarami da wasu 'yan tsiraru masu himma ke ɗauke da shi a kafaɗa. In ranar gina fili na farko ta zo, tun kafin a zuba ruwan da zai daskare ya kamata a rubuta sunan wa ke kan takardar mallaka, kuma wurin wa 'yar wasan da ba ta ci komai ba tukuna za ta kai kukanta.